Duron: Kyamara mai tashi sama ta iso, ko yaran Birnin Kudu da Gwaram sun shirya?

DUK mai bibiyar finafinan Hausa masu dogon zango, ko a tashar Arewa24 ko a YouTube, ya san irin hoton da ake magana. Kafin a shiga falon Hajiya ko ofishin Alhaji, sai a fara hasko gari daga sama: rufin kwano yana ƙyalli, ga hasumiyar masallaci, ga motoci sun koma kamar kiyashi a kan titi. Daƙiƙa biyar ne ko shida, amma sun isa su sa ɗan kallo ya gyara zama, ya ce lallai an kashe wa fim ɗin nan kuɗi.

A zamanin kaset, lokacin da su 'Sangaya' da 'Wasila' ke tashe, ba furodusan da ke mafarkin irin wannan. Idan darakta ya dage sai an ɗauko sin daga sama, to sai dai mai kyamara ya tattare riga ya hau bene, ko tankin ruwa, ko rufin bas, yana ɗauka yana addu'a. A Indiya da Amurka kuwa helikwafta ake haya, wanda kuɗinsa na yini guda zai iya shirya fim ɗin Hausa sukutum har a yi canji.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai farfela huɗu, wanda 'yan fim ke kira duron. A yau ba lokeshin kaɗai ba, har bikin aure da hawan sallah da taron siyasa, da wuya a tashi ba a ji kukansa a sama ba kamar na ƙudan zuma. Shi ya sa tambaya ke yawo a bakin matasa masu sha'awar harkar, musamman na garuruwan da ke nesa da Kano irin su Birnin Kudu da Gwaram: shin mutum zai iya haɗa nasa da hannunsa?

Amsar ita ce e, zai iya. Hasali ma haɗawar ita ce mai sauƙin. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin lokacin da za a tashe shi, da inda za a tashe shi, da kuma inda ko an biya mutum bai kamata ya tashe shi ba.

Daga ina abin ya faro?

Tunanin jirgi mai farfela huɗu ba sabo ba ne. Tun a 1922 wani injiniya mai suna George de Bothezat ya ƙera wa sojojin Amurka wani ƙato mai ɗaukar mutum. Ya ɗaga daga ƙasa kam, amma tuƙinsa ya yi wuya, daga baya aka watsar. Matsalar ita ce hannun ɗan'adam ba ya iya daidaita farfela huɗu a lokaci guda. Sai da aka samu ƙananan na'urorin auna motsi masu araha, irin waɗanda ke cikin wayar hannu suna juya hoto idan an karkata ta, sannan abin ya zo hannun kowa.

Kamfanin DJI, wanda aka kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 2006, shi ya fi kowa cin kasuwar. A farkon 2013 ya fito da samfurin Phantom, wanda ake saye a maƙala masa ƙaramar kyamara a tashe shi ba tare da wahalar haɗi ba. Manyan 'yan fim na duniya ma ba a bar su a baya ba. A fim ɗin James Bond mai suna 'Skyfall' na 2012, an yi amfani da ƙaramin jirgi maras matuƙi wajen ɗaukar tseren babura a kan rufin gidajen Santambul. A watan Satumba na 2014 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba kamfanoni shida izinin amfani da duron wajen ɗaukar fim, kuma daga nan ƙofa ta buɗe.

A nan gida, Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta ƙaddamar da nata jiragen marasa matuƙa a Kaduna: Gulma a 2013, sai Tsaigumi a 2018. Mai karatu zai lura cewa sunayen biyu duk Hausa ne, kuma duk ma'anarsu mai ɗauko maganar wani ya kai wa wani. Wannan abin lura ne, domin a kansa babbar matsalar duron ta tsaya a ƙasar Hausa, kamar yadda za a gani a gaba.

Ƙere-ƙere kuwa ba baƙon abu ba ne a wajen yaran Arewa. A 2007 kafafen labarai na duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa helikwafta da injin mota da tarkacen ƙarafa. Idan aka kwatanta da wancan aikin, haɗa duron wasan yara ne.

Me ya sa Birnin Kudu da Gwaram?

Yawancin ƙasar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi da gonaki iya ganin mutum. Amma kudancin jihar daban yake. Wanda ya taso daga Kano ya ɗauki hanyar Maiduguri, yana dosar Birnin Kudu zai fara ganin duwatsu a jibge, wani kan wani kamar an jera su da hannu. A cikinsu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu ɗauke da zanen shanu na mutanen da, waɗanda Baturen nan mai binciken tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke yin ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Idan aka nausa Gwaram, wajen iyaka da Jihar Bauchi, ga tsaunukan Fagam da Farin Dutse, ga kogi da fadamu, ga kasuwar Sara da ke cika ta batse ranar cinta. Duk daraktan da ke neman wajen yin fim ɗin sarauta ko na yaƙin zamanin da, inda ba za a ga turken wutar lantarki ko ƙarfen sabis a bayan jarumi ba, irin wuraren nan yake nema. Kuma irin wuraren nan ba sa nuna kyansu sosai sai daga sama.

To, a nan damar take. Furodusan da ya kwaso tawaga daga Kano, idan zai zo da mai duron sai ya biya kuɗin motarsa da makwancinsa da abincinsa na kwanaki, alhali aikin nasa bai wuce na awa biyu ba. Ɗan gari da ya iya tuƙi, ya san ta inda rana ke fitowa a bayan kowane dutse, ya kuma san gidan mai unguwa, ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Ban da haka ga masu barkwanci da mawaƙan yankin da ke ɗora ayyukansu a YouTube da TikTok, ga kuma bukukuwa. Ɗan gari kan ci gari, amma fa sai ya iya aikin.

Kayan haɗi

Ga mai koyo, haɗin da ya fi shahara a duniya shi ne wanda ake kira F450. Lambar tana nufin milimita 450 ne tsakanin injin da ke wannan kusurwa da na ɗaya kusurwar. Yana da fili, hannu na shiga ko'ina, kuma idan hannu ɗaya ya karye ana sauya shi kaɗai. Ga abin da ake buƙata:

Na ɗaya, gangar jiki: faranti biyu a tsakiya da hannaye huɗu na roba mai ƙarfi. Biyu ja ne, biyu fari, don matuƙi ya gane gaba da baya daga nesa.

Na biyu, ƙananan injinan lantarki guda huɗu, waɗanda masu gyara ke kira moto. Wanda ya dace da wannan gangar jiki shi ne mai lamba 2212, 920KV. Ma'anar 920 ɗin ita ce a kowane bolt guda na wuta yana juyawa kimanin sau 920 a minti, wato da batirin da za a ambata yana kai wa wajen sau 10,000 a minti idan ba kaya a kansa.

Na uku, ESC guda huɗu masu ƙarfin amfiya 30. Su ne ke tsakanin batir da moto, suna ƙara wuta ko ragewa bisa umarnin da suka samu.

Na huɗu, farfela mai lamba 1045, wato tsawonta inci 10. Iri biyu ce, mai juyawa dama da mai juyawa hagu. A sayi da yawa, domin ita ce abincin mai koyo.

Na biyar, ƙwaƙwalwar jirgin. Ɗan ƙaramin allo ne da ke ɗauke da na'urorin auna karkata, yana gyara gudun kowane moto sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Ana ɗora masa manhaja kyauta daga intanet. Betaflight ta masu tsere ce. Wanda burinsa ɗaukar hoto ne, INAV ko ArduPilot sun fi masa, domin idan an haɗa su da GPS jirgin yana iya tsayawa cak a wuri guda, yana kuma iya komowa inda ya tashi.

Na shida, rimot da ɗan akwatin karɓar saƙonsa. FlySky FS-i6 shi ne wanda masu koyo suka fi saye saboda sauƙin kuɗi.

Na bakwai, batir samfurin LiPo mai ɗaki uku, bolt 11.1, mai cin 2200mAh, tare da cajarsa ta musamman irin su iMAX B6. Da irin wannan batir jirgin yana yin kimanin minti goma a sama. Minti goma fa, ba awa ba!

Akwai ƙa'ida guda ta lissafi: ƙarfin ɗagawar motocin huɗu ya zama aƙalla ninki biyu na nauyin jirgin. Kowane moto a wannan haɗi yana ɗaga kimanin giram 800, huɗun sun haura kilo 3, jirgin kuma da batirinsa bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Saboda haka akwai sararin ƙaramar kyamara, amma ban da babbar kyamarar lokeshin.

Yawancin kayan nan daga Sin ake yo odarsu ta intanet. Dalma, waya, mitar gwada wuta da ƙarfen liƙi kuwa suna nan birjik a kasuwar Sabon Gari da ta 'yan waya ta Farm Centre a Kano. Duk yaron da ya taɓa zama a shagon gyaran waya ya riga ya ci rabin karatun.

Yadda yake tashi

Kafin a ɗaura noti ko ɗaya, ya kamata a fahimci sirrin. Farfela biyu suna juyawa dama, biyu suna juyawa hagu, kuma masu kallon juna ta kusurwa su ke tafiya hanya ɗaya. Da a ce duk huɗun gefe guda suke yi, da jirgin ya riƙa juyawa a kan kansa kamar katantanwa. Idan ana son ya yi sama, duk huɗun ke ƙara gudu. Idan gaba za shi, biyun baya ke ƙarawa, sai ya sunkuyar da kai ya tafi. Idan kuma waiwaye ake so, masu juyawa gefe guda ne ke ƙara gudu, sauran su rage. Matuƙi dai nuni kawai yake yi da yatsa, ƙwaƙwalwar ce ke raba aikin.

Haɗawa da saiti

Ana farawa da liƙa wayoyin ESC huɗun da na batir a jikin farantin ƙasa: ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ɗebewa. Kuskure ɗaya a nan, sai hayaƙi. Don haka kafin a jona batir a karon farko a sa mita a tabbatar ja da baƙi ba su haɗu ba. Akwai wata dabara mai araha: a saka ƙwan fitilar mota a tsakanin batir da jirgin. Idan akwai matsala ƙwan ne zai kama da haske sosai, maimakon kaya su ƙone.

Daga nan a ɗaura motocin a bakin hannaye, a kula kada notin ya yi tsawo har ya taɓa zaren tagullar da ke ciki. A zaunar da ƙwaƙwalwar a tsakiya daidai, a kan soso ko roba mai laushi, kibiyar da ke jikinta tana kallon gaba. Ita kuwa na'urar GPS, a ɗaga ta a kan ɗan sandanta nesa da manyan wayoyi, domin kamfas ɗin da ke cikinta ba ya shiri da su.

Sai saiti a kwamfuta. A nan akwai doka guda da ba ta da sassauci: ba a saiti da farfela a jiki. Farfela mai inci 10 tana tsaga yatsa har ƙashi, kuma ba ta sallama kafin ta tashi. Sai an cire su duka sannan a gwada kowane moto, a ga ko yana juyawa inda manhajar ta nuna. Wanda ya saɓa, a sauya kowace biyu daga cikin wayoyinsa uku, zai juya ɗaya gefen.

A ajiye jirgin a shimfiɗaɗɗen daɓe a koya masa abin da ake nufi da daidai. A fita fili, nesa da mota da rodi da rufin kwano, a saita kamfas. Abu na ƙarshe shi ne saitin ko-ta-kwana, wato abin da jirgin zai yi idan saƙon rimot ya yanke. Ana gwada shi ne ta hanyar kunna motoci ba farfela, sannan a kashe rimot a gani. Jirgin da ba a yi wa wannan saiti ba, ranar da saƙo ya yanke tafiya zai yi abinsa har batir ya ƙare, ya faɗa inda Allah Ya nufa, ko gonar wani ko kan ɗan wani.

Sai an gama duk wannan ake saka farfela, gefen da ke da rubutu yana kallon sama, kowace a kan motonta. Yawancin jiragen da ke kifawa a tashin farko, farfela ce aka saka a gurbin da ba nata ba.

Koyon tuƙi

A tsarin da aka fi amfani da shi, sandar hagu ta rimot ita ke kai jirgi sama da ƙasa da kuma waiwaye, ta dama kuma gaba da baya da gefe-gefe. Mai hankali ba ya fara koyo da jirgin da ya zuba wa jarinsa. Akwai manhajojin koyon tuƙi irin su Liftoff da VelociDrone da ake jona rimot da kwamfuta, mutum ya faɗi sau dubu ba asarar ko sisi. Akwai kuma ƙananan duron na wasan yara masu kamar tafin hannu, waɗanda ko sun bugi bango ba abin da zai same su.

Ranar tashin farko, a nemi fili kamar na ƙwallo ko gonar da aka girbe, da sassafe kafin iska ta taso. Matuƙi ya tsaya a bayan jirgin, 'yan kallo kuma, waɗanda dole za su taru, su koma bayan matuƙi. A ɗaga shi zuwa tsayin ƙugu, a riƙe shi nan, a sauke. A maimaita har batir goma ko ashirin kafin a yi tunanin nisa. Abin da ke rikita mai koyo shi ne idan jirgin ya juyo yana kallonsa, domin a lokacin dama ta koma hagu. Sannu ba ta hana zuwa.

Batir, zafi da ƙura

Littattafan da ke zuwa da kayan nan ba don yanayin Jigawa aka rubuta su ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma babban abokin gabar batirin LiPo shi ne zafi. Ba a barin sa a cikin mota a rana, ba a cajinsa yana saukowa da zafinsa. Kowane ɗaki nasa yana cika ne a bolt 4.2. Idan ya sauko wajen 3.5 a sauke jirgi. Idan kuma za a ajiye shi na kwanaki, a bar shi a wajen 3.8. Batirin da ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, kada a ce za a lallaɓa, domin wutarsa idan ta kama ba ta jin magana. A yi cajinsa a kan siminti ko a cikin tukunyar ƙasa, nesa da katifa da labule, kuma mutum yana wajen. Jona caji a je a kwanta ganganci ne. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, cajar iMAX B6 tana karɓar wuta daga batirin mota ko na sola mai bolt 12, wanda ya fi janareto mai hawa da sauka.

Da hunturu kuma ƙura ce. Motocin a buɗe suke kuma akwai maganaɗisu a cikinsu, saboda haka suna zuƙar rairayi. A tashe shi daga kan tabarma ko katako, ba daga tsurar ƙasa ba, bayan aiki a hure su da burushi. Da damina, da zarar hadari ya haɗo gabas a sauke, domin iskar da ke gaban ruwa ta fi ƙarfinsa. A kusa da duwatsu iska kan yi juyi ba zato, dutse kuma yana tare saƙon rimot idan jirgi ya zagaya bayansa. Ga kuma shirwa da shaho, waɗanda kan ɗauke shi a matsayin kutse su kawo masa farmaki.

Hoton fa?

A nan ya kamata a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Jirgin da aka haɗa a gida makaranta ce. Idan aka ɗaure masa kyamara kai-tsaye, hoton zai riƙa rawa yana lanƙwasa kamar ana kallo ta cikin ruwa, saboda girgizar motoci. Ana rage wannan ta hanyar daidaita nauyin farfela da ɗan salatif, da kuma saka gimbal, wato ɗan hannun da ke riƙe kyamara daram ko da jirgi ya karkata. Duk da haka, da wuya ya kamo na kamfani irin su Mavic, ko Mini da DJI ya fara fitarwa a 2019 mai nauyin giram 249. To mene ne amfanin wahalar? Amfanin shi ne wanda ya haɗa da hannunsa ya san dalilin kowace faɗuwa, ya iya gyara, kuma ranar da furodusa ya danƙa masa jirgi mai tsada hannunsa ba zai yi rawa ba.

Kyan hoton sama a tafiyar hawainiya yake. A ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da inuwar duwatsu ta miƙe. Da tsakar rana komai fari fat yake fita, sai an sa gilashin rage haske a bakin kyamarar. Duron ba ya ɗaukar magana saboda ƙararsa, shi ya sa ya fi dacewa da buɗe sin, ko tafiyar dawakai, ko rawa da waƙa, tunda dama waƙar a situdiyo aka yi ta, 'yan wasa bin ta kawai suke yi. Sai dai kada a sauko da shi kusa da fuskar jaruma don neman burgewa. Iskarsa kaɗai ta isa ta yaye mayafi ta tada ƙura, farfelarsa kuwa ba a magana.

Abin da doka ta ce

Samaniya ba dajin Allah ba ce. A watan Mayu na 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, ta ba da sanarwar hana tashin jirgi maras matuƙi a sararin Nijeriya sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkar Tsaro. Shigo da duron daga waje ma yana buƙatar takardar wannan ofishin, in ba haka ba kaya na iya maƙalewa a hannun kwastan. A watan Janairu na 2025 kuma sojoji suka sanar da haramta tashinsa a yankin Arewa maso Gabas saboda 'yan ta'adda sun fara amfani da shi. Jigawa tana maƙwabtaka da Yobe da Bauchi, don haka jami'in tsaron da ya ga baƙon abu yana shawagi ba zai ɗauke shi wasa ba.

Saboda haka duk mai son mayar da abin sana'a ya nemi rajista tun da wuri. Ka'idar da aka fi bi a duniya ita ce kada a wuce tsayin mita 120, kada jirgi ya ɓace wa idon matuƙi, kuma kada a bi ta kan taron jama'a. Filin jirgin sama na Dutse, bariki, ofishin 'yan sanda, gidan yari, gidan gwamnati da asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, duk a yi nesa da su. Duwatsun tarihi kuma sai an nemi yardar masu kula da su. Kafin kowane aiki, a leƙa ofishin 'yan sanda na yankin a yi bayani. Minti goma a ofis ya fi kwana a bayan kanta.

Katanga

Akwai kuma wata dokar da ba a rubuta a takarda ba, amma ta fi waccan tsauri a ƙasar Hausa. Gidan Bahaushe a rufe yake ta ko'ina, sai ta sama. An yi zaure, an yi katanga, an rubuta 'ba a shiga' a ƙofa, duk don a kare tsakar gida, inda mata ke daka da wanki da shan iska ba lulluɓi, inda sau da yawa makewayi ma ba shi da rufi. Shekara da shekaru wannan tsari yana aiki domin ba mai kallo daga sama sai tsuntsu. Duron ya zo ya tsallake zauren ba sallama. Ga gulma, ga tsegumi, kamar yadda sojoji suka raɗa wa nasu.

Matashin da ya tashi jirgi a tsakiyar unguwa a Gwaram ko Sara, ko da niyyarsa ɗaukar hasumiyar masallaci ce, maigidan da ya ɗaga kai ya ga kyamara a kan tsakar gidansa ba zai tsaya tambayar niyya ba. Kuma ba sunan yaron za a kira ba, cewa za a yi 'yan fim ne. Masu dogon tunani ba su manta 2007 ba, lokacin da hoton wayar hannu guda ɗaya ya jawo aka dakatar da shirya fim a Kano na tsawon watanni, ɗaruruwan mutanen da ba su ji ba su gani ba suka rasa abin kai wa gida. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Maganin abin ba shi da tsada. A fara da gaida mai unguwa ko dagaci: ranka ya daɗe, ga abin da ya kawo mu, ga inda za mu tashi, ga lokacin. Idan dole sai an bi ta kusa da gidaje, a sanar tun jiya don kowa ya kimtsa, a tashi can sama, kyamara tana kallon nesa ba ƙasa ba. Bayan an sauko a nuna wa dattawa abin da aka ɗauka, duk inda cikin gidan wani ya fito a goge a gabansu. Haka nan a kula da dabbobi, domin ƙararsa tana firgita shanu da dawakai, kuma dokin da ya zabura a tsakiyar hawan sallah ba ƙaramar fitina ba ce.

Kudancin Jigawa yana da abin da kuɗi ba sa saye, wato wuraren da kyamara ke so. Yana da matasa masu gyaran waya da ɗaliban fasaha a Dutse waɗanda dalma da mita ba baƙinsu ba ne. Wanda ya fara da ƙaramin jirgi, ya koyi gyara, ya nemi takarda, ya kuma girmama katangar mutane, shi daraktoci za su riƙa nema da sun shigo yankin. Wanda kuwa ya ɗauka abin burga ce, to ƙarshensa ɗaya ne cikin uku: ko batir ya cinye masa ɗaki, ko jirgin ya kwana a caji ofis, ko ya rufe wa 'yan fim ƙofar garin da ba su ma fara shiga ba.